Kafin Mu Yi Mafarkin Indiya, Mu Kai Yaranmu Kete-Karachi

Makon jiya muna zaune a majalisar shayi nan Kawukudi bayan Isha'i, sai wani abokinmu ya fito da waya yana nuna mana hotunan ƙaninsa da ke karatu a Indiya. Yaron ya samu hutun Asabar da Lahadi, ya je wani gari mai suna Udaifur a jihar Rajastan. Ga fadar sarakuna a bakin tafki, ga kwale-kwale, ga fitilu suna wasa a kan ruwa da daddare. Waya ta zagaya hannu-hannu, kowa na cewa masha Allah, wani har da cewa in Allah ya hore masa sai ya taka garin nan. Ban ga laifinsu ba. Mu da muka tashi da kallon fim ɗin Indiya, yanzu ma iyayenmu mata ba sa barin wanda ake fassarawa da Twi ya wuce su, dole wurin ya ba mu sha'awa.

Da wayar ta zo hannuna sai na tambaye su: a cikinku wa ya taɓa zuwa Kete-Karachi? Mu tara ne a wurin. Mutum ɗaya ne ya ce ya taɓa ratsawa, shi ma doya ya je saye. Washegari na yi wa ɗalibaina 'yan JHS irin wannan tambaya, na ƙara da cewa wa ya san Alhaji Umaru Karachi. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba a Fakistan Karachi take ba?" Ajin ya fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, domin yarinyar ta faɗi abin da aka koya mata ne. Wanda ba mu koya mata ba, laifin namu ne.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: kowace makarantar zango, ta boko ko ta Islamiyya, da kowace ƙungiyar matasa da ke shirya fita yawon buɗe ido, ta ware tafiya ɗaya ta kai yara Kete-Karachi, in da hali a haɗa da Salaga. Ba na cewa a daina zuwa bakin teku bayan Sallah, ko lambun Aburi, ko gidajen bayi na Cape Coast da Elmina. Duk na kai yara waɗannan wurare, kuma sun ƙaru. Amma a can tarihin ƙasa gaba ɗaya suke ji. Babin da ya shafi yadda kakanninsu suka zo ƙasar nan, da abin da suka gina, yana can bakin tafkin Volta.

Bari in ɗan warware wa wanda bai sani ba. Tun kafin zuwan Bature, fatake daga Kano da Katsina da sauran ƙasar Hausa suna zuwa Gwanja sayen goro. Babbar kasuwar ita ce Salaga: goron dajin Asante ya hau arewa, kanwa da tufafi da fatu da dabbobi su gangaro kudu. Da Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya yi rauni, hanyar goro ta fara sauyawa. Sai kuma yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga a 1892, garin ya watse. 'Yan kasuwa da malamai suka bazu, da yawa suka sauka Kete, zangon baƙi da ke kusa da garin mutanen Krachi a bakin kogin Volta. Wasu suka yi Yeji, wasu Kintampo, wasu Kumasi, wasu har nan Ankara. Zangunanmu da yawa sun samu mutane da malamai daga wannan watsewar.

Cikin waɗanda suka sauka Kete akwai Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, ya zama limamin Kete-Karachi, ya rasu a can a 1934. Malami ne da ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami. Ya yi waƙa kan yaƙin Salaga, ya yi kan zuwan Nasara, ya yi kan talauci da wadata, ya kuma rubuta littafin koyon rubuta wasiƙa. Ya ga mulkin Jamus, waɗanda suka kafa bariki a Kete-Karachi a 1894, ya kuma ga na Ingilishi bayan an kori Jamus daga Togo a 1914. Bajamushen nan Adam Mischlich, wanda ya wallafa ƙamus ɗin Hausa a 1906, a wurinsa ya ɗebi ilimi mai yawa. Almajiransa sun bazu a zanguna, kuma akwai rubuce-rubucensa a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, wurin da trotro ɗaya ko biyu zai kai ka daga Kawukudi. Masana daga Turai da Amurka sun yi digiri a kansa. Jikokin almajiransa kuma suna zaton sunan garinsa a Fakistan yake.

Me ya sa wannan ya dame ni har na zauna ina rubutu? Domin yaron zango yana tashi da tambaya ɗaya a kansa: "Kai ɗan ina ne asali?" Ana yi masa ita a filin ƙwallo, ana yi masa ita in ya je neman takarda a wasu ofisoshi da zarar an ji sunansa. Dattawanmu ba su manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ba, wadda aka fitar a watan Nuwamba 1969 aka ba mutane mako biyu su bar ƙasa. Gidaje da yawa a Nima da Sabon Zango sun rabu a lokacin. Har yau kuma Hausa ba ta cikin harsunan Ghana da ake koyarwa a makarantun gwamnati, duk da cewa gidan rediyon ƙasa yana labarai da ita. Yaron da ba shi da amsa, ko dai ya sunkuyar da kai ko ya yi faɗa. Wanda ya je Kete-Karachi ya tsaya a garin da malaminsa ya yi limanci shekaru da dama kafin a samu 'yancin kai a 1957, shi zai amsa da natsuwa. Gani ya kori ji. Na sha karanta wa yara wannan tarihi a aji su manta kafin a tashi, amma ban taɓa ganin yaron da ya manta wurin da ya kwana ba.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa min.

Na farko, za a ce babu abin gani, tsohon garin yana ƙarƙashin ruwa. Gaskiya ne. An fara gina madatsar Akosombo a 1961, aka gama a 1965, ruwa ya taru ya zama tafkin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,500. An tayar da mutane kusan 80,000 aka sake musu matsuguni a garuruwa 52, kuma tsohuwar Kete-Karachi na cikin wuraren da ruwa ya ci. To amma wannan ai shi ne darasin. Lokacin da na je, wani dattijo ya kai ni bakin ruwa ya nuna da sandarsa ya ce, "Ɗana, can gidanmu yake." Ban ga komai ba sai ruwa da kututturan itatuwa sun leƙo. Na daɗe a tsaye. Wutar lantarkin da muke kunna fanka da ita a Maamobi, akwai waɗanda suka biya ta da gidajensu da gonakinsu da kushewun iyayensu. Wane littafin aji ne zai sa yaro ya ji wannan a jikinsa? Ban da haka akwai dattawa masu labari, akwai masallatai, akwai ragowar gine-ginen zamanin Jamus, akwai masunta da kasuwar kifi, ga tafkin kansa da faɗuwar rana, wanda wallahi bai gaza hoton da aka nuna mana a waya ba.

A nan ne ma misalin Udaifur ya yi min amfani. Tafkin Pichola da ake ɗaukar hoto a bakinsa, shi ma mutane ne suka tare ruwa suka yi shi, kafin sarki Udai Singh ya kafa garin a 1559. Bambancin shi ne mutanen can sun riƙe labarin garinsu, sun gyara, sun koya wa 'ya'yansu yadda za su ba baƙo labari, yau dubban iyalai suna cin abinci da shi. Ba na yaudarar kaina cewa Kete-Karachi tana da fada irin tasu. Amma wuri ba ya zama wurin ziyara sai masu shi sun fara zuwa. Mun gani da idonmu a 2019, da aka yi shekarar dawowar 'yan Afirka mazauna ƙetare, yadda Cape Coast ta cika. In mu ba mu je namu ba, wa muke jira ya je?

Na biyu, nisa da kuɗi. Wannan ma gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Daga Ankara sai ka bi ta Atimpoku ka haye gadar Adomi, ka miƙa arewa har Dambai, hedikwatar jihar Oti, ka jira pantun ya tsallakar da motarku kogin Oti, sannan ka ƙarasa. Tafiyar kusan yini ce, kuma in kun rasa pantun sai haƙuri. Saboda haka Asabar da Lahadi kaɗai sun yi kaɗan ga yara. A nemi ƙarshen mako mai haɗe da ranar hutu, ko a yi a farkon hutun makaranta. Batun kuɗi kuwa, mu ne fa masu adashi. In yaro yana ajiye sidi 10 duk mako na mako 30, ya tara sidi 300, kuma wannan zai rage wa iyaye nauyi sosai. Masauki kuma, zango ba ya rasa wurin baƙo. A rubuta wa Sarkin Zango da limamin garin tun da wuri, a nemi makarantar da za a shimfiɗa tabarmi, a tafi da masu girki. Mu duba abin da muke kashewa a anko da kiɗa ranar biki ɗaya, sannan mu ce tafiyar ilimi ta yi tsada.

Na uku, tsaro. Wannan shi ne wanda na fi ɗauka da muhimmanci. Tafkin Volta ya ci rayuka da yawa, sau da yawa saboda lodin da ya wuce kima, da iska, da kututturan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Ƙa'idata ita ce: ba yaron da zai shiga ƙaramin kwale-kwale, ba wanka a tafki, ba tafiyar dare. Pantun kaɗai, kuma malamai su tsaya a kan yaran. A tafi da malamai mata domin 'yan mata, a raba masauki, a sa iyaye biyu ko uku cikin tawaga. Kada a ce tunda akwai wahala a bar 'yan mata a gida. Yarinyar da ta ce min Karachi tana Fakistan, ita ce ta fi kowa cancantar kujera a motar.

Akwai na huɗu, wanda ba a cika faɗa a fili ba. Wasu ba sa son a je Salaga domin can akwai kasuwar bayi, akwai wurin da har yau ake kira Wankan Bayi, da Hausa ɓaro-ɓaro. Sunan kaɗai ya isa shaida cewa masu jin harshenmu suna cikin wannan ciniki. Ni a ganina wannan dalili ne na zuwa. In muna kai yara Elmina muna nuna musu abin da Bature ya yi, adalci ne mu nuna musu abin da namu suka yi, mu gaya musu cewa zalunci ne ko wa ya aikata. Yaron da aka gaya wa gaskiya mai ɗaci a gida ba zai rikice ba ranar da wani ya jefe shi da ita a waje. Kuma a cikin zangunanmu akwai jikokin masu saye da jikokin waɗanda aka saya, yau suna sahu ɗaya a masallaci, suna auren juna.

Ga malaman Islamiyya, tafiyar nan aji ce da kanta. Alƙur'ani ya kwaɗaitar a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. A hanya yaro zai yi sallar ƙasaru da ya haddace a littafi bai taɓa yi ba, ya nemi alƙibla a inda babu masallaci, ya koyi ladabin baƙunta. Kafin a tashi a ba kowane yaro aiki: ya tambayi kakarsa ko kakansa daga ina gidansu ya zo, ta wace hanya. A can kuma su zauna gaban dattawa da littafi da biro, ko su naɗa a waya in an ba su izini. Waɗanda suka ga tsohon garin da idonsu kafin ruwa ya rufe shi yanzu sun haura shekara 60, kuma kullum raguwa suke yi. Wannan ita ce gaggawar da ke cikin maganar.

Kirana ga shugabannin makarantu, da kwamitocin iyaye, da sarakunan zango, da masu kula da Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017: gyaran kwata da filin ƙwallo abu ne mai kyau, amma hayar mota ɗaya ta kai yara 50 su ga tushensu ba ta kai kuɗin kwata ɗaya ba. Matasan majalisun shayi kuma, ku da kuke iya haɗa kuɗin zuwa bakin teku cikin kwana uku, ku gwada wannan sau ɗaya.

Ni dai na riga na kai wa shugaban makarantarmu takarda, iyaye 14 sun ce a sa sunan 'ya'yansu, kuma mun buɗe littafin adashi. In Allah ya kai mu hutu mai zuwa, bayan sallar Asuba za mu tashi daga bakin Babban Masallacin Ƙasa. Duk makarantar da ke son haɗa mota da mu, ƙofa a buɗe take. Allah ya jiƙan Alhaji Umaru da sauran magabatanmu, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya.