Zauren Aro Ba Ya Zama Fada



Wani abu na neman zama al'ada a ƙungiyoyinmu na Sabon Wuse da Suleja, kuma ba zan yi shiru a kansa ba. Mun kwashe harkar jama'a kacokan mun zuba a WhatsApp da Facebook: sunayen membobi, lissafin kuɗin taimako, sanarwar rasuwa, har sasanta rikici. Littafin sakatare ya koma abin tura ƙura. To wa ke da wannan zauren da muka tare a ciki?

Kamfani ne, kuma mun ga abin da kamfani ke yi idan ya gaji. A 2001 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya buɗe majalisar Finafinan Hausa a Yahoo, inda marubuta da masana suka yi shekaru suna muhawara. Ranar 15 ga Disamba 2020 Yahoo ya rufe dukkan majalisunsa, bai nemi shawarar kowa ba. A watan Yunin 2021 Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, gwamnati ta dakatar da shi har Janairun 2022. Manya biyu suka yi faɗa, mai ƙaramar sana'a ya ji a jikinsa.

Mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Garin nan an kafa shi ne domin mutanen Wuse da aka tasa saboda ginin Abuja, bayan dokar 1976. Wanda ya san zafin tashi ba ya sakin jiki a filin da ba nasa ba.

Sannan ga sarautar admin. Mai unguwa ana naɗa shi a gaban jama'a, idan ya yi zalunci a kai ƙara wajen dagaci ko hakimi. Shi kuwa admin, wanda ya riga danna waya shi ne sarki. Zai fitar da dattijo da tsakar dare, babu ƙara, babu ba'asi. Abin ya fi muni a zaurukan da kamfanoni ke buɗe wa abokan cinikinsu: yabo ya zauna, koke a share shi.

Za a ce ai kyauta ne kuma da sauƙi. Sauƙi kam akwai. Amma tarar dala miliyan 220 da hukumar FCCPC ta ci Meta a 2024, kan yadda ya sarrafa bayanan 'yan Najeriya, ta nuna da me muke biya.

Ban ce a bar waya ba. A zaɓi admin a taron ido da ido, da wa'adi. A rubuta doka kowa ya sani. Kada a kori mutum sai an ji ta bakinsa. Kuɗi da sunaye su koma littafi a hannun sakatare da ma'aji. Waya ta kai saƙo, hukunci kuwa a yanke shi a kan tabarma.

Allah ya sa mu gyara. Wassalam.