Amfilifaya kan faɗi ciwonta kafin ta ƙone

Da yawa daga cikin amfilifayoyin da ke ɗaga murya a masallatan unguwa, da makarantu, da wuraren biki a Kano ko Kaduna ko Damagaram, ba daga wata masana'anta suka fito ba. Masu gyaran rediyo da matasa masu sha'awar lantarki ne ke haɗa su da hannu: taransifoma, da allon da'ira, da tiransistoci irin su 2SC5200 da 2SA1943, a cikin akwatin ƙarfe. Wannan fasaha abin yabo ce. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ke cinye kuɗin masu ita: da zarar na'ura ta fara ƙugi ko zafi, sai a cire tiransistoci a sa sababbi, bayan mako biyu su sake ƙonewa, a ɗora laifin a kan jabun kaya. Jabu na nan a kasuwa, babu musu. Amma sau da yawa tiransisto mamaci ne kawai, makashinsa na can a ɓangaren wuta ko a saitin bayas, kuma awo ne ke tona shi.

A fara da ƙugi, domin shi ne alamar da kunne ke fara kamawa. Wutar gidan Najeriya da Nijar tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Bayan ta ratsa diyod huɗu da ke miƙar da ita, sai ta koma tudu 100 a daƙiƙa, waɗanda manyan kafasitoci ke ƙoƙarin shafewa. Saboda haka ƙugi iri biyu ne. Mai kauri, na 50, yawanci daga maganaɗisun taransifoma yake shiga wayoyin shigar sauti, ko kuma daga haɗa na'urori biyu da layin sifilinsu ya bi hanya biyu ya yi zobe. Mai ɗan tsini da zuza, na 100, daga ɓangaren wuta yake. Manhajar auna sauti a wayar hannu tana iya bambance su. Gwaji na biyu ma kyauta ne: a haɗe bakin shigar sauti da layin sifili. Idan ƙugin ya ɗauke, daga waje yake shigowa. Idan ya ci gaba, ciwon na cikin akwati.

Lissafin ɓangaren wuta ba shi da wuya. Amfilifayar da ke jan amfiya 2 daga kafasita mai maikurofarad 4,700 za ta ga wutarta na hawa da sauka da kusan bolt 4. Idan aka sa mai 10,000, sai ya sauko zuwa bolt 2. Amma ƙara girman kafasita ba ya maganin kuskuren shimfiɗa waya. Kafasitocin nan da ƙarfi suke zuƙar wuta, a ɗan taƙaitaccen lokaci, sau 100 kowace daƙiƙa. Idan aka jona layin sifilin sauti a kan wayar da wannan zuƙa ke bi, amfilifaya za ta ɗauki bugun a matsayin sauti ta ƙara masa ƙarfi. Maganin shi ne dukkan layukan sifili su haɗu a wuri ɗaya tak, bayan kafasitocin, kowanne da wayarsa.

Sai kuma halin wutar da ake samu. A takarda bolt 230 ce, amma duk mai amfani da ita ya san tana faɗuwa tana tashi, janareta kuma ya fi ta rashin tabbas. Taransifoma mai ba da bolt 24 a kowane ɓangare tana zama kusan bolt 33 bayan an miƙar da wutar. Mai haɗawa da ya sa kafasita mai iyakar bolt 35 yana ganin ya tsira. Ranar da wuta ta haura zuwa 250, abin da ke kan kafasitar zai kai kusan 36, ya ƙetare iyakarta. Ba lallai ta fashe nan take ba. Za ta riƙa kumbura tana bushewa, ƙugi na ƙaruwa a hankali. Mai iyakar bolt 50 ta ɗan fi tsada, amma ita ce daidai da wutar da ake da ita a zahiri.

Bayas shi ne ɓangaren da aka fi yi wa saitin ka. A irin waɗannan amfilifayoyi, tiransistoci biyu ne ke karɓa-karɓa: ɗaya ya tura sifika gaba, ɗaya ya jawo ta baya. Domin kada a ji gaɓar miƙa aikin, ana barin 'yar wuta tana ratsa su ko da babu sauti, kamar injin mota da ke aiki a tsaye. Wannan 'yar wuta ita ce bayas. Idan ta yi kaɗan, murya kan yi kaushi, musamman in an rage ƙara. Idan ta yi yawa, zafi ya taru. Haɗarin kuwa yana cikin ɗabi'ar silikon: kusan bolt 0.6 tiransisto ke buƙata ya buɗe, kuma duk digiri ɗaya na zafi yana rage wannan buƙata da kimanin milibolt 2. Zafi ya jawo ƙarin wuta, ƙarin wuta ya jawo ƙarin zafi, har abin ya ƙone. Shi ya sa ƙaramin tiransiston da ke kula da bayas dole ya ji zafin da manyan ke ji. A yawancin zane ana manna shi a jikin farantin alminiyan ɗinsu. Wanda ya bar shi yana reto a iska ya cire wa na'urarsa birki, kuma zafin watan Afrilu ba ya yafe irin wannan.

Awon bayas ba ya buƙatar komai sai mita. A cire sifika, a rufe shigar sauti, a auna abin da ke kan resistar ƙafar tiransisto. Idan mai om 0.22 ce, milibolt 22 na nufin miliamfiya 100. A bi adadin da zanen ya faɗa, a jira minti 20 na'ura ta ɗumama, a sake aunawa. Lambar da ke ta hawa ba ta tsayawa gargaɗi ce. A kuma auna bakin fitar sauti: ya kamata ya tsaya kusa da sifili, ƙasa da milibolt 50. Bolt da yawa a wurin zai gasa koyil ɗin sifika.

Mai gyara na da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Mai kaya na tsaye a kansa, biki gobe ne, na'urar duba siffar wuta kuma ta fi ƙarfin aljihunsa. Amma duk gwaje-gwajen nan mita da kunne kawai suke buƙata, sai kuma ƙwan fitila irin na da, mai zare, na wat 60 ko 100. Idan aka jera shi a kan layin wuta kafin taransifoma, zai yi haske ya dushe in komai lafiya. In ya ci gaba da haske sosai, akwai gajeren haɗi, kuma shi ƙwan ya tare wutar da za ta ƙone sababbin kaya. Rabin awa na awo bai kai asarar dawowar aiki sau uku ba, balle zubewar suna.

Akwai wuri ɗaya da bai kamata a yi sassauci ba. Wasu kan yanke wayar ƙasa ta akwatin ƙarfe domin ƙugi ya ɗauke, kuma yakan ɗauke. Amma ranar da wayar wuta ta taɓa akwatin, hanyar da ta rage mata ita ce makirufo da hannun mai riƙe da shi. Haka nan manyan kafasitoci kan riƙe wuta bayan an kashe na'ura, don haka a sauke su ta resista kafin a sa hannu.

Masu sayen waɗannan na'urori, daga shugaban makaranta zuwa kwamitin masallaci, su ma suna da abin yi. Idan amfilifaya ta dawo daga gyara, tambayar da ta dace ita ce: me ya ƙone ta, kuma nawa mita ta nuna bayan an gyara? Mai gyaran da ke da amsa da lambobi shi ya cancanci a koma wurinsa, ko da kuɗinsa ya ɗan fi na maƙwabcinsa.