Mudun Mai Gidan Caca

Malamanmu na zaurukan birni, da attajirai da 'yan tireda tun daga Kurmi har Kantin Kwari, ga wata magana da na ke so mu auna tare, gama ta shafi littafi, ta kuma shafi ciniki.

Kun dai san a shekarar 2024 'yan Hisba sun bi shagunan cacar ƙwallo a Kano suna rufewa, har a rana ta farko aka garƙame wajen 30 a unguwa guda. Ba a daɗe ba, ran 22 ga Nuwamba na wannan shekara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan ƙarar da Jihar Legas ta kai tun 2008, ta ce dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da ikon al'amarin caca a ƙasarta. Watau ragama ta dawo hannunmu ke nan.

To, kwanan baya a wani zaure na ji wani saurayi mai ilmin boko, mai ladabi kuwa, yana cewa rufe shago ba dabara ba ce. Ya ce a yi yadda Amurkawa su ke yi, a ba da lasin, a karɓi haraji, sa'an nan a ƙayyade wa injin caca abin da zai riƙa mayar wa jama'a, ta haka ba mai cutar wani. Maganar ta yi daɗin ji, dattawa biyu ma sun gyaɗa kai. Ni kuwa na ga ya kamata a buɗe buhun a duba ƙasansa.

Injin da ya ke nufi akwati ne mai allo kamar talabijin. Ka sa kuɗi, ya nuna maka karta 5, ka riƙe waɗanda ka ke so, ya musanya maka sauran, kāna ya biya ka bisa wani jadawali da ke rubuce a goshinsa. Ya yaɗu ne daga Jihar Nevada tun wajen 1979. Da ya ke karta 52 ce, jadawalin kuma a fili ya ke, duk gwanin lissafi yana iya fid da abin da injin zai mayar cikin kowace 100 da aka zuba masa. Nan ne hukumomi su ka shigo. A Nevada doka ta ce kada ya kasa kashi 75 cikin 100. A New Jersey kashi 83. A Minnesota kuwa, yarjejeniyar jiha da ƙabilun asali masu gidajen caca ta sa wa injin kartar iyaka biyu, kada ya kasa 83, kada kuma ya wuce 98.

Iyakar ƙasa kowa ya fahimce ta. Amma ta sama fa? Me ya sa za a hana inji ya mayar wa mutane dukan kuɗinsu? Dalili shi ne, akwai jadawalin da in aka sami gwanin da ba ya kuskure ko sau ɗaya, injin kan mayar da fiye da abin da ya ci, kamar wani nau'i da a ke kira Deuces Wild, wanda lissafinsa ya kai 100.76. Iyakar sama ita ce ke toshe wannan kafa. Ashe dokar da a ke cewa ta tsare ɗan caca, rabinta katanga ce ta tsaron rabon mai gida. A wurare da dama kuma hukuma na da nata ƙoƙon a gindin wannan rabo. Nevada tana karɓar har kashi 6.75 na abin da manyan gidaje su ka ci. Dakota ta Kudu, wadda ta fara cacar inji ta gwamnati a 1989, rabi cur ta ke ɗauka. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

Yanzu 'yan kasuwa ku ɗauko alƙalami, don wannan naku ne. A ce inji yana mayar da 95 cikin 100. Mai jin wannan sai ya zaci in ya shiga da Naira 10,000 zai fito da 9,500, hasarar ba ta taka kara ta karya ba. Ba haka ba ne. Kashi 5 ɗin nan ba daga kuɗin aljihu a ke cire shi sau ɗaya ba, daga kowane zubi a ke cirewa. Ɗan caca kuwa ba ya tashi bayan zubin farko, abin da ya dawo shi ya ke sake zubawa. In ya juya kuɗin sau 10, bisa matsakaicin lissafi saura 5,987. In sau 20 ne, saura 3,585. Kafin ya cika juyi 45 bai kai 1,000 ba. Ko inji mai 98, wanda a ke yabo, juyi 35 ya ishe shi cinye rabin jari. Wanda hannunsa ya saba kuwa yakan buga ɗaruruwan hannu a sa'a guda. Lalle akan sami wanda ya ci babba wata rana, shi ne wanda a ke jin labarinsa a majalisa. Sauran da aka tara kuɗinsu aka ba shi, shiru su ke komawa gida.

Saurayin nan ya kawo misalin mudu, ya ce ai tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da aka kafa Kurmi hukuma ke lura da awo, wannan ma awo ne. Misalin ya yi kyau, sai dai bai zauna ba. A ke duba mudu domin akwai hatsi a cikinsa, mai saye ya tafi da gero, mai sayarwa ya tafi da kuɗi. Falken da ya kai baƙi da jar fata Gwanja ya komo da goro ya ɗauki kasada ƙwarai, amma kasada ce a kan haja, in ya ci riba bai zama dole wani ya faɗi ba. A gaban inji fa, ina hajar? Ba abin da a ke auna wa mutum sai saurin da kuɗinsa za su ƙare. Na yarda da abu guda, inji da aka gwada aka buga masa hatimi ya fi wanda mai shi ke murɗawa da dare. Amma tsakaninsu bambancin na gaggawa ne kawai.

Malamai ba su bukatar in tuna musu aya ta 219 a Baƙara da ta 90 da 91 a Ma'ida, ko abin da Risala ta kawo a kan garari da wasan nardu. Abin lura dai shi ne ba inda aka rataya hukuncin ga yawan abin da mai gida ke yanka. Ko gwamnatin soja ta ƙasar nan, wadda ba da Muhtasar ta ke hukunci ba, ta haramta injunan caca da doka a 1977. Ingila ma, bayan shekaru tana gwada tsarawa, a watan Afrilu 2019 ta rage zubi mafi yawa a injunan shagunan caca daga fam 100 zuwa fam 2.

Duk da haka saurayin yana da gaskiya a wuri ɗaya, kwaɗo a ƙofar shago bai kashe maganar ba. Injin ya bar akwati ya shiga wayar hannu, yana cikin ganuwa, yana ɗakin soro, yana aljihun yaron shagon da ka ba amanar ciniki, kuɗin kuma ta waya su ke fita, ba mai ganin an buɗe aljihun tebur. Samarin da ke cin abinci a shagunan da aka rufe su ma 'ya'yanmu ne, suna bukatar sana'a.

Saboda haka roƙona ga Majalisar Dokokin Kano, in za ta taɓa wannan babi, kada ta sa harajin caca cikin kuɗin shigar jiha ko da anini, domin ran da aka biya albashi da shi, ran nan cire shi ya gagara. Iyayen gida a kasuwa su riƙa rufe lissafi da yaransu kowace yamma, na hannu da na waya duka. Malamai kuma, bayan an shafa fatiha a karatun magariba, a sami almajiri mai kai a ba shi allo, ya cire 5 daga kowace 100 sau 45 a gaban 'yan'uwansa, su ga abin da ya saura da idonsu.