Ƙwarin da Ke Cin Kuɗin Manomi a Banki

Jama'a manoma, kowannenmu ya san ba a zuba hatsi a rumbu sai an share shi, an toshe kafar ɓera, an sa maganin ƙwari. Amma abin mamaki, mutum zai sayar da rake ko masara ko barkono a kasuwar Maƙarfi, ya kai kuɗin banki a Zariya, ba ya ko tambayar irin ƙwarin da ke can. To, akwai su, watau 'yan kuɗin da banki ke yanka kaɗan-kaɗan. Galibinsu kuwa mu ne muke jawo wa kanmu.

Farkon magana, irin asusun da za ka buɗe. Asusu iri biyu ne: akwai na ajiya, akwai na 'yan kasuwa mai takardar cak, wanda ake kira karant. Mutane da yawa a Likoro da Hunkuyi da Kudan suna buɗe karant don jin an ce shi ne na manya. Ga ƙa'idar da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2020, an yarda banki ya ɗauki har naira 1 cikin kowace 1,000 da mai karant ya fitar, da sunan ladan riƙon asusu. Watau in ka sayar da rake na naira miliyan 2, ka fitar da su wajen taki da ƙwadago, naira 2,000 sun tafi. Mai asusun ajiya ba ya biyan wannan. Ƙa'idar ta sa masa naira 50 ne kuɗin kati duk wata uku. Saboda haka ni a ganina, in ba kai dillali ba ne, ko ma'ajin jam'iyyar manoma da tilas sai ya rubuta cak, asusun ajiya ya ishe ka. Wanda ke gudun kuɗin ruwa kuwa, akwai bankunan da ba su ta'ammali da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012.

Na biyu, cire kuɗi. A watan Maris na 2025 aka sa naira 100 a kan kowace 20,000 da mutum ya cire a na'urar bankin da ba nasa ba, har da ƙari in na'urar ba a harabar banki take ba. A ta bankinka kuwa kyauta ne. Haka mai POS na bakin kasuwa, shi ma da ladansa, ba kuma laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan. Laifin na wanda ke zuwa kullum ne yana cire dubu biyu, dubu uku. Zauna ka lissafa kuɗin 'yan ƙwadago da na man injin ban ruwa na mako guda, ka cire gaba ɗaya.

Na uku, tura kuɗi ta waya. Ƙa'idar 2020 ta ce naira 10 in kuɗin bai wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 in ya haura. Ban da wannan akwai harajin Gwamnati naira 50 a kan turawar da ta kai 10,000. Kowace turawa kuma da saƙonta na waya, wanda bankuna suka ɗaga daga naira 4 zuwa 6 a 2025. In za ka biya mai taki dubu ɗari, biya shi sau ɗaya, kada ka yanyanka biyar.

Wani zai ce, “To, ai gara in binne kuɗina a ɗaka.” A'a. Gobara da ɓarawo da gara ba naira 50 suke ɗauka ba, duka suke kwashewa. Maganin ƙwari ba barin rumbu ba ne, tsare shi ne.

Abin da nake roƙonku shi ne, bayan kaka kowa ya karɓi takardar lissafin asusunsa, ya sa yaro mai karatu ya bi masa layi-layi. In ka ga abin da ba ka gane ba, je ka tambayi ma'aikacin banki, ba abin kunya ba ne. In an yanka fiye da ƙa'ida, rubuta musu ƙara; in ba su gyara ba, Babban Banki yana da sashen sauraron kukan masu ajiya. Wanda kuma ke da asusu biyu ko uku ba dalili, ya rufe saura ya bar guda.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Malamin Gona, Likoro