Wayar salula: a saya yau, ko a yi jiran gawon shanu?

Kowace shekara, da zarar watan Satumba ya kama, kamfanin Apple na Amurka yakan tara ƴan jarida ya nuna musu sabuwar iPhone. A farkon shekara kuma Samsung na Koriya ta Kudu ya fito da tasa Galaxy S. Su kuwa Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka cika kantunan babbar kasuwar Yamai da kasuwar Dole ta Damagaram, ba su da wani wata ƙayyadadde: kafin mai Spark ko Camon ya gama sanin lungunan wayarsa, an riga an ƙara wa sunan lamba. Shi ya sa tambaya guda ke yawo a ofisoshi da rumfunan kasuwa, musamman idan albashi ya faɗo ko an sayar da albasa da wake: a sayi wadda ke kan kanta yau, ko a dakata har sabuwa ta iso?

Amsar ba ta da tsawo. Wanda wayarsa ta mutu, kuma da ita yake neman abinci, ya saya yau. Wanda tasa ke aiki ya riƙe kuɗinsa, ko da sabuwa ta fito gobe. Shi kuwa mai zaman jiran sabon samfuri da fatan samun rangwame ko wani abin al'ajabi, yana bin kalandar da aka tsara domin masu saye na Amurka da Turai, alhali farashin waya a ƙasar nan wata kalanda yake bi dabam.

Adalci ne a fara da hujjar masu jira, domin suna da ita. Shekaru da dama ke nan Apple yana sa wa ƙaramar sabuwar iPhone farashin dalar Amurka 799, kuma ranar da sabuwa ta fito yakan rage dalar Amurka 100 daga farashin ta bara. Wanda ya saya a Agusta, ke nan, ya biya fiye da wanda ya yi haƙurin mako huɗu. Wani lokaci ma canjin yakan wuce kuɗi. A Satumban 2023 iPhone 15 ta fito da bakin caji irin na USB-C, wanda wayoyin Android suka daɗe da shi, bayan Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta tilasta wannan baki tun daga ƙarshen 2024. Duk wanda ya sayi iPhone 14 ana saura kwanaki ya tsinci kansa da igiyar cajin da zamani ya fara juya wa baya. Darasin a fili yake: idan an san ranar fitowar sabuwa, kuma ranar ta kusa, dakatawar ƴan makonni ba wauta ba ce.

Sai dai wannan lissafi na mutumin da ke shiga kantin kamfani a Paris ne, ya biya farashin da ke rubuce, a ba shi takardar garanti. Wayar da ke isowa Maraɗi ko Tawa ta bi ta Dubai, ko Guangzhou, ko kasuwar Farm Centre ta Kano, ta ratsa hannun dillali biyu ko uku, ta tsaya a duwan, sannan ta hau kanta. Kowane zango yana ƙara nasa. Rangwamen da aka sanar a Amurka yakan narke a hanya, ko ya iso bayan watanni, lokacin da wata sabuwar ta riga ta leƙo.

Dattawan kasuwa ba sa bukatar a tuna musu ranar 12 ga Janairun 1994. An kwana faran ɗaya na Faransa yana daidai da sefa 50, aka wayi gari yana daidai da 100. Wanda ya ɗage sayen rediyo ko injin niƙa zuwa mako mai zuwa ya tarar da farashi ya yi tsalle, kuɗin da ke aljihunsa kuwa yana nan yadda ya bar shi. Matasa kuma sun ga nasu a 2023. Bayan 26 ga Yuli, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki, kayan da suka saba shigowa daga Kwatano ta Gaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, da tsadar hanya da jinkirin ayari. A tsallaken iyaka, naira da take wajen 460 kan dalar Amurka ɗaya a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, farashin wayoyi a Kano ya riƙa sauyawa daga mako zuwa mako. Daga baya, a ƙarshen 2025, tsadar ƙwayoyin ajiyar bayanai ta tashi a duniya, saboda manyan cibiyoyin kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira suna kwashe su, kuma ƙananan wayoyi, waɗanda ribarsu ba ta taka kara ta karya ba, su ne irin wannan tsada ta fi matsa wa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da ya nemi izinin kalandar Apple. Mai jira yana caca ne da canjin kuɗi da iyaka da duwan, kuma a wannan caca ba kasafai talaka ke ci ba.

To, a ce farashi ya tsaya cik. Mene ne sabuwar za ta kawo wanda ta bara ba ta da shi? Shekaru goma sha biyar da suka wuce, kowane sabon samfuri tsalle ne na gaske: allo ya faɗaɗa, hoto ya fito tar, intanet ta yi sauri. Yanzu sana'ar ta girma, tafiyarta ta zama ta dattijo. Bambancin da ke tsakanin wayar bana da ta bara yakan tsaya ga ɗan ƙarin hasken kyamara, da sabon launi, da saurin da mai WhatsApp da kira ba zai taɓa ji a hannunsa ba. Ana tallar 5G da manyan haruffa a jikin kwali. Kafin mutum ya biya kuɗin waɗannan haruffa, ya tambayi kansa wace irin rezo ce ke kan eriyar unguwarsu. Airtel ya fara 4G a ƙasar nan a 2019, kuma duk wanda ke bin hanyar Dakoro ko Tanut ya san wuraren da ko kira sai an hau tudu. Waya ba ta ƙirƙiro rezon da babu.

Wani sabon abu ma yakan zama tarko. Tun daga iPhone 14, a 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da gurbin sa katin layi ko kaɗan. Layin a cikin wayar ake shigar da shi, abin da ake kira eSIM. Irin waɗannan wayoyi suna shigowa kasuwannin Afirka a matsayin na hannu. Wanda ya saya bai tabbatar kamfanin layinsa yana ba da wannan hidima ba, ya sayi madubi mai tsada. Ga ɗan kasuwar Ƙonni ko Magarya da ke riƙe da layin Nijar da na Najeriya a lokaci guda, waya mai gurbin layi biyu ta fi masa kowace sabuwar fasaha amfani. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da itel da Infinix, da irin wannan fahimta ya kame kusan rabin kasuwar wayoyin zamani ta Afirka: layi biyu, babban batir, da farashin da aljihu zai iya ɗauka.

Batir ɗin nan shi ne zuciyar magana a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. Apple da kansa ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, kuma zafin da ya wuce haka yana rage ƙarfin batir har abada. Ya kuma ce batirin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace ta an tsara shi ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Mai caji kullum, ke nan, cikin shekara ɗaya da rabi zai fara lura da rauni. Haɗa wannan da ɗaukewar kuran, wadda mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram suka ɗanɗana sosai daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wuta, har zuwa Maris 2024 da ta mayar. Da yawa daga cikin masu cewa wayarsu ta tsufa, batir ne kawai ya gaji. Canza shi wurin mai gyara amintacce bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabuwar babbar waya ba.

Akwai tsufa na biyu wanda ido ba ya gani, shi ne na manhaja. A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido, fiye da wajen lambar da ke bayan suna. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da iPhone 6. Masu talla sukan yi amfani da irin wannan labari su tsorata mutane. Amma a duba shekarun: iPhone 6 ta 2014 ce, ta yi shekara goma da ɗoriya kafin a rufe mata ƙofa. Wayar bara ba ta kusa da wannan rana. Abin tambaya shi ne shekara nawa kamfani ya yi alkawarin ci gaba da toshe ɓarakar tsaro, domin a cikin wayar nan ne ake ajiye Airtel Money da manhajar Nita ko Amana da lambobin abokan ciniki. Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a 2024, har ma ya ba ƙaramar Galaxy A16 shekara shida. Waya mai irin wannan alkawari, ko da ta kwana shekara guda a kanti, ta fi sabuwa fil wadda kamfaninta zai manta da ita bayan shekara biyu.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa jira ma yana da farashi. Alhazan Maraɗi na dā sun gina dukiya da saurin samun labari: wanda ya riga jin farashin gyaɗa a Kano shi ke cin kasuwa. Yau labarin yana zuwa ta saƙon murya, hoton kaya yana zuwa daga Dubai kafin a biya, direban da ya maƙale a Dori yana kira da tsakar dare. Mai sana'ar da wayarsa ke mutuwa da azahar, ko allonta ya tsage har ba ya karanta lamba, idan ya ce zai jira wata uku domin sabon samfuri, cinikin da zai kuɓuce masa a mako guda zai iya fin rangwamen da yake hange. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lamarin ma'aikacin gwamnati dabam ne, kuma a nan ne gaskiya ke da ɗaci. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya koma jika 42 a Janairun 2024. Dalar Amurka 799 ta haura jika 400 tun kafin a sa kuɗin jirgi da na duwan da ribar dillali, wato albashin wata goma na ƙaramin lebura. Ko ga malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya mai matsakaicin matsayi, kuɗin watanni ne. Duk da haka ana ganin masu cin bashin banki ko kwashe adashe domin su ajiye sabuwar waya a kan tebur ranar taro, a gani a yaba. Kafin a gama biyan bashin, wata sabuwar ta fito, wadda ke hannu ta zama ta bara, yabon ya koma teburin wani. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ga irin wannan ma'aikaci, tambayar saye ko jira ta ɓoye tambaya ta uku wadda masu talla ba sa so a yi: shin akwai bukatar sayen ma?

Wanda ya yanke shawarar saye, ya nemi samfurin bara ko matsakaiciyar waya ta bana, ya duba girman batir da yawan ma'ajiya da shekarun alkawarin manhaja. Ya buga *#06# ya gwada lambar IMEI da ta fito da wadda ke jikin kwali, domin jabu da gyararru da aka sake naɗewa a leda ba su ƙare a kasuwa ba. Ya nemi rasit mai ɗauke da wannan lamba da sunan kanti da wa'adin garanti, ya kuma tambaya ko akwai allo da batirin wannan samfuri wurin masu gyara na garinsu. Sabuwar da ta fito jiya sau da yawa ba a samun kayan gyaranta sai an aika waje. Ta bara kuwa kowane mai gyara ya san cikinta.

A nan ne hukuma ke da aiki. Ma'aikatar kasuwanci da hukumar ARCEP da ƙungiyoyin kare masu saye za su yi wa jama'a babbar hidima idan suka sa rasit da garanti a rubuce suka zama wajibi a kowane kantin waya, suka kuma sa ido kan jabun da ke shigowa. Mutumin da ya tara jika 80 cikin wata shida ya cancanci ya san abin da ya saya zai kai shi shekara uku ko huɗu, kuma idan ya lalace a makon farko akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa.