Ciwo ba ya jiran kaka



Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Kun san takardar da ɗalibaina suka fi kawo mini in karanta musu? Ordinas ce, takardar magani da lokotoro ya rubuta. Ina karanta sunan magani, su ko kuɗin suke jira su ji. Bara da damina wata ɗalibata ta kawo tata. Masassara ta kada ɗanta, shekararsa bakwai, ya wuce shekarun magani kyauta. Akuyarta ɗaya tak, ita ta kai kasuwa. Yaro ya tashi, alhamdu lillahi. To bana in ciwo ya komo, me za ta saida?

Wannan abu ba daga sama ya faɗo ba. A 1987 ministocin lafiya na Afirka sun taru a Bamako, suka shirya maras lafiya ya riƙa biyan wani abu don kada magani ya yanke. A Janairu 1994 darajar sefa ta faɗi da rabi, maganin da ake sayowa waje ya yi tsada. A 1995 Nijar ta yi dokar biyan kuɗi a likita. Sai talaka ya riƙa kwana gida da ciwonsa, ko ya sayi ƙwaya wajen mai talla.

A 2006 hukuma ta sa maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki su zama kyauta. Mata suka cika likita da goyo. Ashe ba jahilci ya hana su zuwa ba, rashin kuɗi ne. Amma hukuma ta yi ta jinkirin biyan likitocin bashinsu, har magani ya riƙa ƙarewa.

Nan ne wasu ke cewa: kun gani, gwamnati ba ta iya ba, a bar ma ƴan kasuwa. Ƙarya ne, jama'a! Ƙirga kilinik na kuɗi da ke Yamai da birnin Maraɗi, ka zo ka ƙirga na ƙauyenku. Ɗan kasuwa inda riba take nan yake kafa rumfa, ba ya bin mai tari cikin daji. In rijiyar gari ta cushe, yasarta ake yi, ba a saida ta ga mai ga-ruwa.

Abin da muke nema asusun lafiya ne na ƙasa, na kowa da kowa. Kun san rumbun tsimi: a zuba da kaka, a ɗiba da bazara. Haka nan wannan. Mai hali ya zuba da yawa, manomi daidai ƙarfinsa, wanda ba shi da komi hukuma ta zuba masa. Ran da ciwo ya zo, kati za ka nuna, akuyarka na gida. Gana ta kafa irin wannan asusu tun 2003. Kuma a Abuja, a 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Alkawari kaya ne.

A 2024 an rage kuɗin likitocin gwamnati da rabi. Madalla. Amma ga wanda ba shi da dala, rabin jika ma dutse ne.

Wani zai ce za a cinye kuɗin. To, don me muke koyon karatu da lissafi? Mu zaɓi namu cikin kwamitin lafiya. A manna lissafin asusu a ƙofar likita, cikin Hausa, kowa ya karanta.

Kai da ka karanta wannan, karanta ma maƙwabcinka. Ku tada maganar a fada, a taron mata, a gaban magajin gari. Kada ku bari sai an ɗora naku a amalanke.

Allah shi ba mu lafiya, amin.