A Ƙara Duba Haƙori Cikin Aikin Masu Zagayen Gida-Gida

A wannan makon muna so mu yi magana a kan haƙoran ƙannenmu, waɗanda ko makarantar firamare ba su shiga ba.

Kowa a cikinmu ya san matan nan masu zagayen rigakafi. Daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, daga Badarawa zuwa Unguwar Shanu, suna shiga gida-gida da ɗan akwatinsu na ƙanƙara. Su ɗiga wa yaro maganin shan inna a baki, su shafa masa tawada a ɗan yatsa, su yi rubutu da alli a bango, su wuce. Da irin wannan zagaye aka ci ƙarfin cutar, har a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa an kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Afirka. Tambayarmu ita ce: tunda yaro ya riga ya buɗe baki, me zai hana a leƙa haƙoransa?

Mun san abin da wasu iyaye za su ce. Ai haƙoran nono ne, zai yi famfara ya fitar da sababbi. Gaskiya ne za su zube, amma ba gobe ba. Haƙoran nono guda 20 ne. Na farko yakan fito yaro yana wajen wata shida, turamen ciki kuwa sai ya kai shekara 10 zuwa 12 kafin su fita. Ke nan yaron da turminsa ya yi kogo yana ɗan shekara uku zai iya kaiwa aji biyar yana fama da shi. Ba ya iya tauna, ba ya barci, wani lokaci kumatu ya kumbura. Idan kuma aka cire haƙorin tun lokacinsa bai yi ba, na kusa su matso su cike gurbin, sabon ya rasa wuri ya fito a karkace.

Kuma ba tsutsa ce ke cin haƙori ba, kamar yadda ake faɗa a unguwa. Ƙwayoyin cuta ne da ke cikin baki suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da wani ruwa mai tsami, shi ne yake narkar da bayan haƙori a hankali. Alawa, gullisuwa, iloka, biskit da lemon kwalba duk abincinsu ne. Wanda ya fi muni shi ne a bar yaro ya yi barci da fidar shayi mai sukari a bakinsa, domin da dare yawu yana raguwa, babu abin da zai wanke. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, yara miliyan 514 ne a duniya suke da kogo a haƙoran nono.

Yanzu mu zo lissafi, tunda mun yi darasin riba da faɗuwa. Idan ciwo ya tashi, a sayi farasitamol a kemis. Ya lafa, ya dawo, a sake saye. Daga nan a biya kuɗin keke zuwa da dawowa asibiti, misali Barau Dikko, a yanki kati, a biya kuɗin ciko ko na cirewa, a sayi magani. Uwa mai sana'a ta yi asarar cinikin ranar. Yaya mace, wato ɗaya daga cikinmu, ta fasa zuwa makaranta don ta zauna da sauran yara. Wannan duk a kan haƙori ɗaya.

A ɗaya ɓangaren kuwa me ake bukata? Ma'aikaciya ta ɗaga leɓen yaro na sama, ta duba ko akwai farin tabo kamar alli kusa da dasashi. Wannan tabon shi ne farkon kogo, kuma a wannan matakin ana iya tsayar da shi. Ta nuna wa uwa yadda ake goge wa yaro baki safe da dare da makilin mai sinadarin fulorayid: kamar ƙwayar shinkafa ga wanda bai kai shekara uku ba, kamar ƙwayar wake daga uku zuwa shida. Da wannan ɗan ɗigon, makilin ɗaya zai daɗe ƙwarai. Ta kuma ce a tofar, kada a kurkure. Asuwaki yana da kyau, amma ɗan shekara biyu bai iya riƙe shi ba.

Ba mu muka fara wannan tunani ba. A yankin Sikotilan na Birtaniya akwai shirin Childsmile da aka fara a 2006. Ma'aikata na zuwa gidajen da suka fi bukata, ana raba buroshi da makilin, yara kuma na goge baki a makarantar reno. Da aka yi lissafin goge bakin nan na makaranta, an ga kuɗin maganin da aka huta da biya ya fi wanda aka kashe.

Wani zai ce matan nan aiki ya yi musu yawa, ga rana, ga alawus kaɗan. Wannan magana ce mai ƙarfi, kuma ba mu goyi bayan a ɗora musu kaya kyauta ba. A koya musu, a ƙara musu wani abu. Duk da haka ya fi sauƙi a kan ɗaukar sababbin ma'aikata, domin tafiyar ita ce mai tsada, kuma an riga an biya ta. Akwai ma shirin CHIPS da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018, wanda aikinsa ke nan shiga gidaje a wayar da kan iyaye mata.

Don haka muna roƙon hukumar kula da lafiya a matakin farko ta Jihar Kaduna ta gwada wannan a mazaɓa ɗaya tak ta Kaduna ta Arewa, ta ƙirga yara masu kogo a farko, ta sake ƙirgawa bayan shekara biyu. Malamanmu na kimiyya kuma muna roƙon su ba mu darasi ɗaya a wannan zangon, su nuna mana yadda farin tabon nan yake, don mu iya duba bakin ƙannenmu a gida.